Daga Kano zuwa Kumasi: yadda muka nemo kayan birki a Magazin

Ɗaurin auren jikar Goggo ne ya kai mu Kumasi. Goggo tana unguwar Aboabo tun kafin a haife ni, can aka kai ta aure gidan wasu fataken goro, kuma duk sha'anin da ya taso a wajensu sai dai mu aika da saƙo. Wannan karon Kawu ya ce ƙafa da ƙafa za a je, kuma ba ta Legas ba. So yake mu bi ta arewa, kusa da hanyar da ayarin Gwanja suke bi da jakuna a zamanin da. Ni ne a sitiyari, Kawu a gefena, ƙanena a baya tare da buhun gero, da kuka da daddawa, da turamen atamfa na gudummawa.

Motar tsohuwa ce ƙirar Faransa, amma mai lafiya. Kafin mu tashi sai da ta kwana a gareji, aka juye baƙin mai, aka sa sabbin takalman birki na gaba, aka duba tayoyi. Takardu kuma na haɗa su cikin jaka guda: fasfo, katin rigakafin shawara, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, takardun mota, da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, wadda in babu ita ba ka da bakin magana a kowace iyaka.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Kaduna, Minna, Bida, Mokwa, babu wani abin ba da labari sai ramuka da manyan motoci. Muka ratsa ta Kayama muka faɗa Cikanda, inda Najeriya ta ƙare. A nan muka canza naira zuwa sefa wajen wasu 'yan canji Zabarmawa, aka buga mana hatimi, kwastan na Binin suka rubuta wa motar takardar wucewa. Daga Nikki zuwa Farako titi sumul, jami'an tsaro kuma ba su cika dogon zance ba in takardunka sun cika. A unguwar Zango ta Farako muka kwana, a wani masauki mai fanka da bokitin ruwa. Da dare aka kawo mana sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cukun Fulani da suke kira wagashi. Kawu, wanda a gida ba ya kallon doya, sai da ya nemi ƙari.

Gari na wayewa muka nufi Jugu, tsohon zangon fatake. Kawu ya sa na tsaya ya yi sallar walaha a wani masallaci, ya fito yana cewa nan kakansa yake yada zango in za shi Salaga. Muka shiga Togo ta wajen Ketawo, muka mayar da agogo baya da awa ɗaya, domin Togo da Gana suna bayanmu da sa'a guda. Togo a wannan wajen siririya ce, kafin la'asar mun wuce Kara da Kabu mun isa iyakar Gana a Tatale.

Daga nan ne hanya ta canza fuska. A lokacin da muka bi, tsakanin Tatale da Zabzugu har zuwa kusa da Yandi jar ƙasa ce mai gargada da tsakuwa, ana aikinta a wasu wurare, an karkatar da motoci ta cikin daji a wasu. Duwatsu suna ta bugun cikin motar daga ƙasa. Mun wuce Yandi, garin Ya-Na sarkin Dagwamba, mun hau kwalta, sai wata akuya ta tsallaka. Na taka birki, ƙafata ta nutse fiye da yadda na saba. Motar ta tsaya, amma a makare. Na sake takawa sau biyu a jere, ya ɗan ɗauko, na riƙe shi, sai na ji yana zarcewa ƙasa a hankali. Can jar fitila ta kama a gabana.

Na gangara gefe. Tankin man birki ya sauka ƙasa da alama. Ƙanena ya kwanta da tocilar waya, ya ce tayar baya ta dama ta jiƙe daga ciki. Abin da ya cece mu shi ne irin waɗannan motoci layin birkinsu biyu ne a gicciye: ɗaya yana riƙe da tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama, ɗayan kuma sauran biyun. In ɗaya ya fashe, ɗayan yana nan, sai dai ƙarfin ya ragu sosai kuma motar tana ja gefe. Da ragowar man da ke but na cika tankin, muka lallaɓa da giya ta biyu da ta uku, hannuna a kan birkin hannu, har muka shiga Tamale bayan isha. Ban taɓa jin nisan tafiya irin na wannan daren ba. Kawu bai ce uffan ba, carbinsa kawai nake ji.

Tamale gari ne na babura. Mata da goyo, tsofaffi da mayafi, 'yan makaranta, kowa a kan nasa, abin da a Kano sai ka yi shekara ba ka gani ba. Da safe muka sha koko da ƙosai a bakin titi, mai kokon tana jin Hausarmu ta haɗa mu da ɗanta, ya kai mu garejin wani Badagwambe da ya iya Hausa sarai. A can bakanike fita suke ce masa, mai gareji kuma Masta.

Da aka ɗaga motar aka cire taya, ɓarnar ta fito fili. Dutse ya daki bututun ƙarfen da ke kai mai baya, ya lanƙwasa shi daidai inda yake haɗuwa da tiyon roba, tiyon kuma ya tsage a wuya. Abu biyu ke nan ake bukata: guntun bututu da tiyo. Ga shi kuma kafin a kai ga sayen komai, kwance su ma ya zama aiki. Yaron Masta ya sa sifana lamba 10, ta ƙi shiga. Ya sa 12, tana yawo. Notin lamba 11 ne, kamar yadda yake a yawancin motocin Turai, su kuwa hannunsu ya saba da Toyota da Nissan da Hyundai da Kia, waɗanda nasu 10 ne. Da aka samo 11 ɗin ma buɗaɗɗiya ce, ta kama gefe biyu kawai, ta fara cinye kusurwar notin. Yaron ya ɗauko filaya mai kulle zai danƙa, Masta ya daka masa tsawa. Da man birki da haƙuri da ɗan bugu aka samu ya kwance.

Muka zaga shagunan kayan gyara da tsohon tiyon a hannu. Wani ya yi gajere, wani kansa namiji ne inda namu mace. Bututu kuwa an samu na motar Japan, zaren notinsa ya hau daidai, har na fara murna. Masta ya ɗaure, ya sa yaro ya taka birki, sai ga mai yana tsattsafowa ta bakin haɗin. Ya kwance, ya jera bakunan biyu a tafin hannunsa ya nuna mini. Na Japan bakinsa a buɗe yake kamar mazurari, namu kuwa an kumbura shi ya yi ƙululu. Zare ɗaya, kauri ɗaya, amma mazaunin daban. Ko ka ɗaure har notin ya tsinke ba za su kama juna ba.

Wani direban tasi da ke jiran aikinsa ya matso da shawara. Ya ce a naɗe bakin bututun a daddatse shi da guduma, a kashe layin tayar gaba ɗaya, mu tafi da birki uku, ai haka ake yi. Gaskiya ne haka ake yi, har a gida na sha gani. Amma tsakanin Tamale da Kumasi kusan kilomita 380 ne, ga tireloli masu zuwa Burkina, ga hawa da gangara bayan Kintamfo. Kawu ya dubi mutumin ya ce, "Ɗana, Allah ya saka da alheri, amma rai uku ne a motar nan, ban da na mutanen da ke kan hanya." Masta ya gyaɗa kai ya ce, "Baba Alhaji, ku bar ta a nan. Tunda Kumasi za ku, ku shiga Magazin, unguwar makanikai da masu kayan mota, da tsohon kayan. Abin da babu a Magazin babu shi a Gana."

Haka aka yi. Muka kwashe kaya, ya rufe motar da tamfol, ban ba shi ko sisi ba, shi ma bai tambaya ba. Na naɗe tiyon da bututun da notocinsu a tsumma na sa a aljihun gaba na jakata, na ɗauki hoton lambar jikin mota a waya. Muka hau doguwar bas. Muka haye kogin Farar Bolta a Yafei, kogin Baƙar Bolta a Buife, ƙasa tana ta yin kore, itatuwa suna tsawo. A Kintamfo aka tsaya cin abinci. Daga Taciman zuwa gaba na riƙa kallon kowace gangara da kowace kwana ina auna ta da motar da muka bari, ina gode wa Allah.

Murnar da Goggo ta yi ba ta faɗuwa. Ta rungume Kawu tana kuka tana kiran sunan mahaifiyarsu. Aboabo kuwa sai ka rantse wata unguwa ce a Fagge: kiran salla ta ko'ina, masu tsire, masu shayi, Hausa a bakin kowa, har da Mosawa da Dagwamba da Zabarmawa da Wangarawa. Aka ɗaura aure, aka ci wake da shinkafa irin nasu, ja saboda karan dafi, da taliya da dafaffen ƙwai da baƙin yajin da suke kira shito.

Washegarin walima babban ɗan Goggo ya ce, "Ƙanena, ɗauko tsummanka." Muka hau ƙaramar bas ta haya, taroro a bakinsu, zuwa shataletalen Suwame, muka sauka muka shiga da ƙafa.

Na san Ƙofar Ruwa, na san Panteka a Kaduna, na ɗauka na san abin da zan gani. Magazin gari ne sukutum. Ana ƙiyasta masu neman abinci a cikinsa sun kai 200,000. Ƙarar guduma da injin walda da garanda ba ta yankewa, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, yara 'yan koyo suna wucewa da giyabos a baro. Bambancinsa da kasuwanninmu shi ne a nan sayarwa da ƙira a haɗe suke. Wannan layi masu injin ne, na gaba masu sifirin, can masu narka ƙarfe su zuba gangar birki, can masu injin gurza ƙarfe suna fitar da noti daga sandar ƙarfe, can kuma ana gina jikin babbar mota tun daga katako. In an ce babu, ba a nufin ka koma gida, ana nufin a je wajen wanda zai yi.

Yaya ya san wani dattijo Bamoshe mai gyaran birkin manyan motoci, shi muka fara gaisarwa. Ya kwance tsumman, ya juya bututun, ya shafa bakinsa da babban yatsa, bai tambayi sunan motar ba. Ya kira wani yaro ya yi masa magana da Asantanci, ya ce mu bi shi. Ba don yaron nan ba da mun wuni muna zagaye, domin babu allo, babu lamba, lungu cikin lungu.

Wajen mai bututu ya fara kai mu, wani Ba'asante mai aikin motocin Jamus a wata rumfa da ba ta fi ɗakin kwana ba. A ƙofa wani ya tare mu da naɗin jan ƙarfe mai sheƙi, irin na masu gyaran firji, yana cewa ya fi sauƙin lanƙwasawa kuma ya fi araha. Mai rumfar ya kore shi da hannu. Yaya ya fassara mini bayaninsa: tsantsar jan ƙarfe yana taurara da girgizar hanya, wata rana ya tsage ba sallama. Ya jawo na ƙarfe mai kaurin milimita 4.75, ya gwada tsawon da igiya a jikin tsohon, ya yanka da ɗan abin yanka mai faifai, ya kankare bakin. Sai da ya zura sabbin notoci biyu tukuna, sannan ya damƙe bututun a cikin maƙera, ya ɗiga man birki a kai, ya murɗa a hankali. Da ya buɗe sai ga ƙululun nan ya fito sak irin namu. Ya ɗaga shi ga haske, bai gamsu da gefe ɗaya ba, ya yanke ya sake. Daga nan ya lanƙwasa shi a kan wani guntun gora na ƙarfe, kwana bayan kwana, yana ɗora shi a kan tsohon har suka kwanta tare. Aikin nan ya burge ni ƙwarai. Mutumin bai san ni ba, ba zai sake ganina ba, motar ma ba ta gabansa, amma bai yarda ya ba ni abin da shi bai yarda da shi ba.

Da na tambayi kuɗi sai ya ce miliyan ɗaya. Gabana ya faɗi. Yaya ya dafa ni ya ce sidi 100 yake nufi. Tun 2007 Gana ta cire sifiri huɗu daga kuɗinta, amma har yau 'yan kasuwa da yawa da tsohon lissafi suke magana. Baƙon da bai san wannan ba zai iya juyawa ya bar kayan arziki, ko kuma ya yi rigimar da ba ta da dalili.

Tiyo ya fi ba mu wahala. Masu kayan gwanjo, waɗanda aka ciro daga motocin da aka yanka a Turai, suna da shi tuli a kwali. Wani ya zaƙulo mana guda daidai da namu ta kowace fuska, kuma da rabin kuɗin sabo. Na lanƙwasa shi, sai ga ƙananan tsagu a bayan robar. A gida ma ra'ayina ke nan: ƙarfe na gwanjo sau da yawa ya fi sabon da ake kawowa yanzu, amma roba shekaru ne ke cin ta ko ba a yi aiki da ita ba. Muka ci gaba. A shago na can ƙurya wata mata mai sayar da kayan motocin Faransa ta karɓi wayata ta duba lambar motar, ta shiga ciki ta fito da sabo a leda. Na gwada tsawo, na gwada kawunan biyu da notin sabon bututun, suka hau lafiya. A jikin robar akwai rubutun SAE J1401 da lokacin da aka yi shi, alamar da ake dubawa ke nan a tiyon birki. Ta ce miliyan biyu, muka daidaita a ƙasa da haka kaɗan, Yaya ya tura mata ta waya, domin a can har mai ƙosai tana karɓar kuɗi ta waya.

A shagon kusa da ita na nemi man birki. Yaron shagon da ya ji an ce motar Faransa sai ya miƙo mini wata gora mai koren mai. Wannan LHM ne, na wasu tsofaffin motocin Citroën, kuma asalinsa man ma'adini ne. In ya shiga motar da ba tasa ba, duk robobin masta, wato famfon da ke tura man birki, da na kalifa mai matse takalman birki, sai sun kumbura. A murfin tankin motata DOT 4 aka rubuta, shi na saya, gora biyu masu hatimi. DOT 3 yana haɗuwa da shi in an matsu, sai dai shi yana tafasa daga digiri 205, DOT 4 kuwa sai 230, kuma a doguwar gangara da kaya wannan tazarar ba ƙarama ba ce. Wanda ake aunawa daga buɗaɗɗiyar jarka kuwa ko kyauta ne ba na so, saboda man birki yana shan danshin iska, ga Kumasi garin ruwa.

Saura sifana. Irin wadda ake so ita ce mai zobe da tsaga, ta zura ta bututu ta rungume notin ta gefe biyar. Mun samu 10 da 12 a haɗe, mun samu 8, 11 ta ƙi samuwa. Yaron da ke mana jagora ya ce in sayi mai zobe ta lamba 11, mai kusurwa shida. Na saya. Ya kai ni wajen wani mai garanda, ya damƙe ta, ya tsaga zoben daidai faɗin bututu, yana tsoma ta a ruwa kada zafi ya kashe ƙarfen. Ko minti biyar ba a yi ba. Na ba yaron ladansa, ya karɓa da hannu biyu.

Da daddare na hau bas ni kaɗai na koma Tamale, na bar su Kawu suna zaga dangi. Motar tana nan yadda na bar ta, har an share ƙurar gilashi. Masta ya karɓi kayan ya jujjuya, ya gwada sifanar a kan notin ya yi murmushi. Da hannu ya fara ɗaura kowane noti sai da zaren ya hau sosai, sannan ya sa sifana. Ya mayar da bututun cikin maƙalansa na roba don kada ya riƙa gogar jikin mota. Sai fitar da iska: ni a ciki, shi a ƙasa, yaro a kan tanki yana ƙara mai kada ya ƙafe. "Taka! Taka! Riƙe!" Ya buɗe, ƙafata ta nutse, ya rufe, "Saki!" Daga tayar da ta fi nisa da famfon birki muka fara, muka bi duka huɗun, har baƙin tsohon mai ya ƙare, fari tas ya fara fita babu kumfa. Ya sa na danne birkin da dukkan ƙarfina na tsawon minti guda, shi kuma yana ƙasa da farar takarda yana goga kowane haɗi. Takardar ta fito a bushe.

Muka fita gwaji hanyar Yandi, na taka a guje, ta tsaya cak ba ta ja gefe ba. Kuɗin aikin da ya faɗa bai kai abin da zan biya a Kano ba, na ajiyar mota kuwa ya ce, "Maigida, baƙo ba ya biyan kuɗin inuwa." Na sayo zabi biyu gasassu muka ci da yaransa a gindin bishiyar garejin. Na so in bar masa sifanar, ya ce in riƙe, hanyata da nisa, shi zai tsaga tasa tunda ya ga yadda aka yi.

Na tuƙa zuwa Kumasi na ɗauko su Kawu. A shingen 'yan sanda na kusa da Taciman an nemi ganin abin kashe gobara da alwatikar gargaɗi, duka suna but, aka ɗaga mana hannu. Goggo ta cika motar da goro da garin rogo da shito a kwalabe, har bayanta ya zauna. A dawowa duk inda muka kwana, kafin in tayar da mota sai ƙanena ya leƙa ƙasa ni kuma in duba tanki, a Tamale, a Kara, a Farako, man bai motsa daga alamarsa ba. Da muka iso Kano na huta, na shiga Ƙofar Ruwa na sayi sauran tiyo ukun, tunda duk sa'annin wanda ya tsage ne, aka canza su a garejin unguwarmu.